Durƙuson Maharazu

A ƙauyen su Hajjo, can bayan Dandume, in rigima ta tashi tsakanin babba da yaro ba a tsayawa tonon wa ke da gaskiya. Yaro ne zai durƙusa ya ba da haƙuri, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Haka suka taso suka tarar.

Da wuta ta cinye rumbun dawar Malam Mudi, sai ido ya koma kan Maharazu, ɗan Hajjo tilo, don da safen ya ƙona karan gonarsa da ke maƙwabtaka. Ya rantse sai da ya kashe wutar tas kafin ya tafi, kuma kowa ya ga masu farautar gafiya a wajen. Amma Mudi sa'an ubansa ne. Hajjo da kanta ta ja shi gaban mai unguwa, ta ce taurin kai ba zai yi musu noma ba. Maharazu ya durƙusa, ya ce a yafe masa. Mudi ya yafe, har da hawaye.

Ashe Abdulrahman, ɗan Mudi da ke aiki a Funtua, tuni ya kai magana wurin 'yan sanda. Mutumin kirki ne, sai dai bai iya jira ba.

Aka tsare Maharazu. Aka yi ta ɗage zama, yau alƙali ya yi tafiya, gobe babu motar kawo fursunoni, har ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe gonarsa. Hajjo ta san kowane rami a hanyar zuwa kotu daga bayan ɗan acaɓa.

Ranar da aka zauna, mai gabatar da ƙara bai kawo wanda ya ga an kunna wuta ba, don babu. Dattawan sulhu ya kira, aka rantsar da su da Alƙur'ani, ya yi musu tambaya guda: wanda ake tuhuma ya nemi gafara ko bai nema ba? Mai unguwa ya so ya yi bayanin al'ada, aka ce ya amsa abin da aka tambaye shi kawai. Duk suka ce ya nema. Me za su ce?

Mudi ya miƙe yana roƙon a saki yaron, shi ya yafe tuntuni. Alƙali ya ce masa cikin ladabi ƙarar ta fita daga hannunsa, ta gwamnati ce yanzu. Aka yanke wa Maharazu ɗauri, aka wuce da shi.

Hajjo ta san hannunta ne ya danna kafaɗar ɗanta ƙasa. Ta tari mai gabatar da ƙara a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, tunda gwamnati ya yi wa laifi, nuna mini inda take zaune in je in durƙusa mata."

Ya dube ta. Daga ciki aka kira ƙara ta gaba, ya juya ya shiga.