Kujerar da ta jingina da bango

Kafinta ya sauke gadon jariri a ƙofar gidan 'yarsa, ya tarar da ita zaune a kan akwati, ciki ya yi gaba, fuska kamar hadari.

"Baba, mai da gadon nan. Gida zan bi ka. Wata uku ina roƙonsa ya tashi daga ɗakin can a sa kayan haihuwa, kullum sai ya ce saura layi ɗaya."

Mijin nata, Dakta, malamin lissafi ne a jami'a. Kafinta bai taɓa gane aikinsa ba, abin da ya sani dai ba a zama a kai, ba a kwanciya a kai. Amma ba zai koma da gado da 'ya da jika a mota ɗaya ba. Ya tura ƙofar ɗakin.

Takardu har ƙasa. Dakta na kan kujerarsa mai taya, ya manna bayanta da bango. Ya yi zumbur zai durƙusa.

"Zauna abinka, Dakta. Wane layi ne wannan da ya ƙi ƙarewa?"

Idon Dakta ya kawo haske. Ba a cika tambayarsa ba.

"Baba, ka ɗauki fili, amma ba mai tsawo da faɗi da tsayi kawai ba. Fuskokinsa ba su ƙirguwa."

"Ba na yi wa irin wannan ɗaki rufi."

"To in aka matse shi sumul, ba ƙulli ba yagewa, aka mai da shi cikin kansa, dole a sami wuri guda da bai motsa ba. Guda tak!"

"Kome aka kwashe?"

"Kome. Sharaɗin dai ya shige ciki sosai, kada ya taɓa gefe."

"In ya taɓa fa?"

"A nan na maƙale, Baba. In ya taɓa, babu tabbas. Yana iya yiwuwa komai ya tafi."

Kafinta ya zaro abin awo daga aljihu, ya sunkuya, ya gwada tsakanin kujera da bango. Ko reza ba za ta shiga ba.

"Kujerar nan ta taɓa gefe. Kai ka faɗa da bakinka, ni ban yi makaranta ba."

Ya kama bayan kujera ya turo. Tayoyi suka yi ƙara, Dakta ya ɗaga ƙafafu, ya rungume littafinsa, kunyar suruki ta hana shi ihu. Suka wuce teburi, suka wuce ƙofa, suka wuce matarsa da ke toshe baki da mayafi.

"Uwata, tashi ki kama min gefen gadon nan."

Suka shigar da shi. Ya zauna daram gindin taga. Ta hau kwashe takardu tana jera zannuwa.

Da kafinta ya fito yana kaɗe hannu, Dakta na tsakar baranda, kai a ƙasa, biro na gudu.

"Baba," ya ce, bai ko ɗago ba, "don Allah a ƙara tura ni kaɗan. Can ya fi haske."