Sababbin Tayoyi a Baya

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau, tayoyin Fijon Malam Hayatu duk suka yi sanƙo. Ana jajibirin Babbar Salla ya tsaya wurin Bilyaminu mai taya a bakin tashar Ƙaura Namoda. Biyu zai iya canzawa, don haka ba ya son wasa.

Bilyaminu ya gangaro masa da 'yan Kwatano, ya shafa musu baƙin mai suna ƙyalli. Hayatu ya danna babban yatsa a gefen ɗaya, sai ga tsaguwa ta buɗe baki. Ya ture ta da ƙafa, ya nuna sababbi biyu cikin leda.

Bilyaminu ya ja jak ya nufi gaban mota.

"Tsaya," in ji Hayatu. "Baya za ka sa su."

"Haba Malam! Kowa gaba shika sa sababbi. Nan sitiyari yake, nan kai kake zama."

Hayatu ko gezau. Ya san yadda motar nan take zuwa garinsu Moriki kowace Salla: Gwaggo, wadda ta raine shi, a kujerar baya da jikoki a cinya, buhun gero a but, ga ramukan hanya.

"Bilyaminu, in ta gaba ta fashe, sitiyari na hannuna, ni da ita ne. In ta baya ta fashe fa? Gwaggo ba ta riƙe da komai sai carbi."

Bilyaminu ya ja jak ɗinsa ya koma baya.