Karkatacciyar Ƙwandalar Sarkin Rum

Ranar da ƙunshin ya iso, likitan haƙori ya bar wani bawan Allah baki buɗe a kan kujera, ya faɗa ɗakin ajiya yana tiƙar rawa. Mutum da furfurarsa! Shekara tara yana tara ƙwandalolin zinariya na tsoffin sarakunan Rum, kowace a ɗan gidanta na roba, amma wannan ce ya fi ƙwallafa rai a kanta. Sarkin da ke jikinta wata uku kacal ya yi yana mulki, shi ya sa samunta sai an tona. Ga ta yau a tafinsa, karkatacciya, gefe ɗaya a lotse, yadda gudumar maƙerin Rum ta bar ta shekara kusan dubu biyu. Wannan karkatar da dattin da ke jikinta su ne darajarta.

Saura awo. In nauyi bai cika ba, jabu aka sayar masa. Sikelin da ya yarda da shi kuwa yana shagon surukinsa, maƙerin zinariya.

Ya nufi can yana gaida har waɗanda bai sani ba. Tsoho ya ɗora ta a sikeli, nauyi ya cika cif.

"Ta gaske ce, Baba! Wallahi ta gaske ce!"

Ya bar ta a kan sikeli, ya yi waje da gudu ya kira abokinsa a waya, wanda shi ma ya daɗe yana farautarta, don kawai ya ƙunsa masa takaici. Minti ashirin yana bakin titi yana ƙyaƙyata dariya, har da dukan cinya.

Da ya dawo, tsoho na kashe injin goge zinariya. Ya miƙo masa ƙwandalar a zagaye sumul kamar maɓallin riga, sai walƙiya take. Ga garin zinariya a bakin magagari.

"Wanda ya yi maka aikin nan bai san hannunsa ba," in ji tsoho. "Na daidaita gefen, na fidda dattin. Hancin mutumin ma na rage shi, ya cika tsini."

Likita ya karɓi ƙwandalar, ya juya ta gaba da baya. To, uban matarsa ne, ya ce masa me?

"Sannu da aiki, Baba."

"Haba, ai yi wa kai ne. Kada ka kuskura ka ciro ko sisi."