Rabin Ruwan Kanat

Mahrukh ta sake duba lambar da ke takardar awon ruwan ƙauyensu karo na uku, motar haya tana jijjiga ta a hanyar da ta fita daga garin Zarand. Lita tara a daƙiƙa. Ita da ta tashi tana wanke kwanuka a bakin kanat ɗin ƙauyensu, magudanar nan ta ƙarƙashin ƙasa da kakanni suka haƙa, ta san ruwan ya kai ashirin. Ƙarfe biyu shugaban ofishinsu na ruwa zai sa hannu a takardar izinin kamfanin kwal, kuma sharaɗin ɗaya ne: in haƙarsu ta janye ruwan ya yi ƙasa da abin da aka auna, a rufe ramin. Hankalinta a tashe yake, sai duba agogo take yi.

Ta tarar da kawunta Mash Yadullah, mai rabon ruwan ƙauyen, tsugune a bakin magudana yana tsince ciyawa.

"A'a, injiniya da kanta? Yau kuma me muka yi?"

"Kawu, ranar da abokin aikina ya zo awo, me ya faru?"

Tsohon ya yi dariya har da buga cinya. "Mai farin takalmin nan? Shayi muka ɗura masa. Kafin ya gama kofi na uku an karkatar da ruwan can sama, cikin gonakin rumman. Ya auna ragowar, ya rubuta, na dangwala masa yatsa."

"Don me?"

"Ji ta, kamar ba 'yar gida ba. Tun zamanin kakana ba a nuna wa ma'aikacin gwamnati ruwa duka. Yana gani zai ja bututu zuwa birni."

"Wannan ba ɗiba ya zo yi ba, Kawu. Abin da ya rubuta shi kaɗai za a tsare mana. Yanzu ramin kwal zai iya shanye sha ɗaya, ba mai ce musu uffan, ga shaidarka a kai."

Dariyar ta ɗauke. Ya kalli ruwan, ya kalle ta.

"To ki gyara lambar mana. Ba a ofishin kike ba?"

"Ba ni da iko. Sai wanda ya yi shaida ya je da bakinsa ya ce an ɓoye ruwa, sannan a dakatar a sake awo."

"In na faɗa fa?"

"Za su karɓe rabon ruwa daga hannunka. Wataƙila har kotu."

Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, ubansa ma shi ya yi har ya mutu. Haushinsa take ji, tausayinsa kuma ya fi yawa. Ta so ta ce masa ya bari kawai, sai ta sake duba agogo.

Mash Yadullah ya jefar da ciyawar da ya tsince. Can ya wanke hannunsa, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Shiga gida ki ce a ɗauko mini kwat ɗina ta zuwa ta'aziyya," ya ce. "Sannan ki tsayar mana da direban nan kafin ya juya, mu isa ofishin naku kafin ƙarfe biyu."