Ruhewar Surayya

Tun ranar da 'yan bindiga sunka ƙone ƙauyensu na gefen Shinaka, Inna Habi ta daina cin abinci. A gidan ɗanta Maccido, cikin Goronyo, an yi lallashi, an yi faɗa, an kawo rubutu. Ina! Tsohuwa ta juya wa kowa baya a kan tabarma, ta ce ita gida take so. Wane gida kuma? Toka ce kawai ta rage.

Jikarta Surayya, wadda ko azumi ba ta fara cikawa ba, ita abin ya fi ci wa rai. Mahaifinta ya rasu a harin, Inna ce ta goya ta tun tana jinjira, ga shi kullum wuyan tsohuwar ƙara tsukewa yake. Tsoro take ji ƙwarai kada a wayi gari babu ita.

Sai ta ɗauki tsohon bokiti ta ɗebo laka daga bakin gulbin Rima, ta zube a tsakar gida, daidai inda idon Inna zai iya kaiwa. Kai, yarinyar nan Allah ya yi mata kai! Ƙauyen nan kaf ta tayar da shi: masallacin da katangarsa ta karkace, rijiyar ƙofar gidan Lami, turken jakin Malam Iliyasu, har kwatar da ta taɓa faɗawa ranar Sallah. Abin da ta manta kuwa, ta ƙirƙiro abinta. Yaran unguwa sunka taru, tana nuna musu hanyar masussuka da tsinke kamar jiya ta baro ta.

Daga ƙarshe ta gina ruhewar Inna, rumbun ƙasan da ake zuba gero, ta dasa gindinta daram a kan ƙasa. Ta ɗaga murya ta ce wa yaran, “Ga ruhewar Innata, haka take sak.”

Tabarma ta motsa.

“Ke! Mi kika ce?” in ji Inna, muryarta a dushe. “Wa ka gina ruhewa bisa ƙasa babu duwatsu? So kike gara ta canye mani hatsi?”

“Ni dai haka nig gane ta, Inna.”

“Ƙarya kike, ja'ira! Kakanki da kainai ya ɗauko duwatsun nan bisa jaki.”

Tsohuwar da ta yi kwanaki sai an tayar da ita, ga ta tana jan jiki zuwa tsakar gida, tana masifa. Ta sa aka tsinto tsakuwoyi, ta jera su da yatsunta, ta ɗora ruhewar a kai. Tana cikin gyara bakin ruhewar hannun ya gaza, lakar ta suɓuce. Ta yi tsaki, ta harari jikar.

“Tsaye kike awa turmi! Miƙo min hurar can, aikin ga ba ya yiwuwa da yunwa.”

Surayya ta ruga ta ɗauko ƙoƙon hurar, hawaye na zuba. Duwatsun ruhewa? Ai a ƙarƙashinsu take ɓoye 'yar tsanarta, ta san su ɗaya bayan ɗaya. Tana kallon maƙogwaron Inna yana haɗiya, ta riga ta yanke shawara: gobe kuma rijiyar za ta mayar bayan masallaci da gangan.