Fistin da Bai Kai Nauyi Ba

Ina ɗaga fistin ɗin na san ba na wannan injin ba ne. Shekara ashirin da biyu ina cikin baƙin mai, hannuna ya fi sikeli faɗin gaskiya. Na ƙaramar motar dizal ne aka zuba a kwalin na tirela. Faɗinsu ɗaya, zai shiga ya zauna daram, amma kansa ba kauri. Injin tirela kuwa ba ya wasa: ga zafi, ga matsi, ga tan talatin a bayansa.

Auta yana tsaye da rigarsa mai tambarin kamfani, yana shafa waya. Ƙanena ne, ni na koya masa riƙon sifana. Ya je kwas na wata shida ya dawo, sai wani kamfanin jigila ya damƙa masa gyaran manyan motocinsa. Yanzu shi ne Injiniya, ni kuwa har gobe "mai gyara". Ko Inna in ta yi baƙi da "ɗana Injiniya" take farawa, ni sai an tambaya.

"Yaya, ka ga kayan?" in ji shi. "Lambar kwalin ta yi daidai da ta kwamfuta."

"To, tunda kwamfuta ta faɗa," na ce.

Na mayar da fistin cikin kwali, na goge hannuna. Ba zan yi ƙarya ba, sanyi na ji a raina.

* * *

Abin da na tsara a zuci ɗan kaɗan ne. Motar za ta yi hayaƙi, a dawo da ita, Auta ya yi ta zare ido a kwamfuta, a ƙarshe a kira ni in gano matsalar a gaban kowa. Iyakar abin da nake so ke nan, wai.

Auta ya ɗaura fistin, motar ta yi kwana tara a hanya. Tana tsakiyar hawan tudu da lodin siminti fistin ya fashe, injin ya tashi daga aiki gaba ɗaya. Motar ta silalo baya ta kwanta a kwalbati, direban ya bar yatsu biyu a wurin. Mai kayan gyaran da ya sayar da fistin ya rantse haka kwalin ya zo masa, washegari ma ya buɗe shagonsa ya ci gaba da ciniki. Kamfani ya ce Auta ya haɗa baki da shi. Suka karɓe rigar, suka kuma baza sunansa a duk garejin da ake taɓa babbar mota.

* * *

Bayan sati biyu ya shigo garejina da akwatin sifanu a kafaɗa. Ya rame, ga matarsa da tsohon ciki.

"Yaya, ko akwai wurin da zan raɓa?"

Na nuna masa gindin rumfa.

"Laifina ne," ya ce. "Da na bar ka ka duba kayan nan a tsanake, da ba haka ba. Ranar na ga kamar ba ka jin daɗi, shi ya sa ban matsa maka ba."

Na juya na hau goge hannuna.

Ya shimfiɗa tabarmar roba, ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar akori-kura. Ƙafafunsa kaɗai nake gani, da dugadugan da suka fara tsagewa. Can ya miƙo hannu.

"Yaya, sha uku."

Na sa masa sifanar a tafin hannu, ban iya sunkuyawa na dube shi ba.