Dunƙulen da Bai Girma Ba

Mutumin da ya cuce ka saboda tsananin son da yake maka, me za a kira shi? Tela ya yi ta juya tambayar nan a kan bencin asibiti.

Wata bakwai da suka wuce, ƙwannafi kawai ya kawo matarsa nan. Aka yi mata hoton ciki, likita ta nuna musu wani ɗan fari a jikin hanta.

"Jijiyoyin jini ne suka dunƙule. Ba ciwon daji ba ne, wataƙila ma da shi aka haife ta. Santimita uku. Yawanci haka yake zama abinsa. In ta samu ciki yana iya ɗan ƙaruwa, wani kuma da kansa yake motsewa. Ku dawo bayan wata shida mu sake aunawa."

"Maganin fa, likita?"

"Babu magani. A ƙyale shi."

Da ya koma shago ya ja tef ɗin awonsa, ya dafe uku da babban yatsa. Bai fi maɓallin kwat ba. Amma duk ɗinkin da ya ɗauka sai ya ga abin yana kumbura a cikinta.

Yayarsa ce ta ƙarasa shi. "A ƙyale shi? A hanta? Kai dai ƙanena, da ganin takalminka suka san ba ka da ko sisi. Da matar mai kuɗi ce, da tuni sun cire."

* * *

Akwai wani mai maganin gargajiya a bakin tasha, da lasifika a kan mota. Ya karɓi hoton, ya riƙe shi a juye, ya girgiza kai.

"Ƙari ne. Kwana arba'in zai narke. In ta yi amai kada ka tsorata, ciwon ne ke fita."

Safe da yamma Tela da hannunsa yake cika mata kofi da maganin da ya sayo.

"Baban yara, don Allah a bari haka. Ni fa ba abin da ke min ciwo sai abin nan naka. Ɗanɗana ka ji."

"Ni da lafiyata? Daure ki shanye, ranki ya daɗe."

Ta toshe hanci ta shanye. Kwalba ta ƙare, ya sayo wata. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Sai da ƙaramar 'yarsu ta ce, "Baba, idon Mama ya zama ruwan ɗorawa."

* * *

Yanzu ga ta kwance a asibiti. Likita ta fito ta tsaya a kansa, riƙe da takardu.

"Dunƙulen na nan yadda muka bar shi. Santimita uku, ko ɗigo bai ƙaru ba. Hantar da ke kewaye da shi ce ta lalace. Me take sha?"

Ya kauce wa tambayar, ya yi tasa.

"Za ta tashi?"

"Muna iya ƙoƙarinmu. Je ka kawo min abin da kake ba ta."

Gidan tsit, yara suna maƙwabta. Kwalba ta shida na kan taga, saura rabi, kofinta a kife a gefe. Ya zuba kaɗan ya kai baki.

Ɗacin ya kama masa maƙogwaro har idonsa ya kawo ruwa. Kurɓa ɗaya ke nan. Ya daɗe a tsaye da kofin a hannu, bai iya ta biyu ba.